Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tace Fina-finai Ta Jihar Kano, Kan Maganar 'Yan Daudu

Zuwa ga Malam Abba El-Mustapha,

Ina addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan kujera mai zafi. Tun da aka kafa hukumar a 2001, duk wanda ya zauna a kanta sai ya sha suka ta fuska biyu: malamai su ce ya yi sako-sako, 'yan fim su ce ya shaƙe musu wuya. Kai naka ma ya fi na kowa nauyi, ranka ya daɗe, tunda daga cikin 'yan fim ɗin aka ɗauko ka. Ka san wahalar lokeshan, ka san yadda furodusa ke cin bashi ya yi fim, ka kuma san abin da kalma ɗaya daga ofishinka take iya yi wa jarin mutum. Wannan ne ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto maka, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Maganar ita ce sanarwar da hukumarku ta yi a 2024, wadda ta haramta shirya fina-finan da ke nuna daba da daudu. Na daɗe ina juya ta a raina. Ɓangaren daba na bar wa waɗanda suka fi ni saninsa. Ni ma na ga abin da ƙwacen waya da faɗan unguwa suka yi wa garin nan, na kuma je gaisuwar yaron da aka caka wa wuƙa a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne yadda aka yi wa abubuwan biyu kuɗin goro, aka jera su a numfashi ɗaya kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Ɗan daba wuƙa yake riƙewa. Mafi yawan 'yan daudun da na sani a rayuwata, abin da na gani a hannunsu ludayi ne da muciya.

Bari in ba ka labarin ɗaya daga cikinsu, ba tare da na kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya a raye.

A bakin tashar da ke kusa da unguwar da na tashi yake da rumfa. Shinkafa da miya da rana, tuwo da farfesun kayan ciki da dare. Yaransa na kiransa uwar ɗaki, direbobi na tsokanarsa, shi kuma ya mayar musu da habaicin da sai ka je gida ka kwanta sannan ka gane inda ya dosa. Yana ɗaura zani a kan wando idan zai hau aikin tukunya, yana magana yana karya wuya, yana tafa hannu idan abu ya ba shi mamaki. Duk wannan gaskiya ne, ban zo in ɓoye ba. Amma ba a taɓa yin almajirin da ya tsaya a rumfarsa ya tafi da ƙoƙo wayam ba, kuma ba ƙanzo kaɗai yake ba su ba. Da azumi rumfar a rufe take har la'asar, sannan ya dama kunu ya soya ƙosai ya aika masallacin tashar. Yana da mata a ƙauyensu da 'ya'ya mata uku, duk da kuɗin tuwon nan ya yi musu kayan ɗaki. Ranar bikin yayata shi mahaifiyarmu ta aika a kira, don a duk unguwar babu mai iya juya buhu biyu na shinkafa ba ta caɓe ba sai shi. Ya kwana a kan wuta, mutane suka ci suka yi santi. Da ya zo sallama a ƙofar gida ya miƙa wa wani kawunmu hannu, kawun ya kawar da kai kamar bai gani ba. Ina yaro a lokacin, amma na ga yadda ya janye hannun a hankali ya goge shi a jikin zaninsa.

Bayan shekaru, wata rana da yamma, wasu samari suka dira a rumfar a kan wata jita-jita da har yau ba wanda ya ce ya gani da idonsa. Suka kifar da tukwane, suka yi masa dukan kawo wuƙa, mutum mai furfura. Tasha cike take da waɗanda suka ci abincinsa bashi. Ba wanda ya ɗaga murya. Ina wurin, ni ma ban ɗaga ba, tsoro nake kada a ce ni ma nasu ne. Bai ƙara buɗe rumfar ba. Ya bar garin, daga baya wani direba ya kawo labarin rasuwarsa a wata tashar, can hanyar Abuja. Wannan shirun da na yi shi ne nake ƙoƙarin biya da wannan takarda.

Ranka ya daɗe, yanzu da zarar an ambaci daudu sai a ce Turawa ne suka kawo, ko tauraron ɗan'adam, ko wayar hannu. Ni da kai mun san ba haka ba ne. Kalmar kanta tamu ce: Daudu gaisuwar Galadima ce a fada, kuma manazarta da dama suna danganta sunan 'yan daudu da Ɗan Galadima na bori, ɗan sarkin nan mai son ado da kyauta. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 405 ta saka namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Ba a yi wa abin da babu shi doka. Ashe tun kafin a kunna talabijin ta farko a Kano suna nan, a kasuwa da tasha da gidajen biki, har sun kai a rubuta su a kundin hukunci. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009 mai suna Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu. Abin da ya tarar bai zo daidai da abin da 'yan ƙasarsa ke tsammani ba: mutane ne masu salla da azumi, masu tara kuɗin zuwa Makka, da yawansu da aure da 'ya'ya, ba su ɗauki kansu 'yan wata ƙungiyar fafutuka ba, ba su kuma nemi a ɗaura musu aure da 'yan uwansu maza ba. Abin kunya ne a ce sai baƙo ya tako daga Amurka ya zauna ya saurari mutanen da muke sayen abinci a hannunsu, mu kuwa 'yan gida hukuma ta ce ko a fim kada mu kalle su.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Hadisin da ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata ingantacce ne, yana cikin Bukhari. Hukuncin luwaɗi a addininmu sananne ne. Dokar tarayya da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga mai taimaka wa ƙungiyoyinsu. Ba a hannunka waɗannan suke ba, ba kuma su na zo in yi jayayya a kai ba. Amma tunda da sunan addini ake yin hanin, to a karanto addinin gaba ɗayansa, kada a tsaya a rabin shafi.

A Madina ta zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai irin waɗannan mutane. Ɗayansu har ɗakin Ummu Salama yake shiga, sai ranar da aka ji yana siffanta jikin wata mata ta Ɗa'ifa sannan aka hana shi shiga wurin mata. A lura, abin da ya faɗa da bakinsa ne ya jawo masa hanin. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wani da ya yi lalle a hannu da ƙafa, aka fitar da shi zuwa bayan gari, da aka nemi izinin kashe shi sai Annabi ya ƙi, saboda mutum ne mai salla. Imamu Nawawi a sharhinsa na Muslim ya raba su gida biyu: wanda haka aka halicce shi, muryarsa da tafiyarsa ba shi ya ƙirƙira ba, wannan babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Malaman da suka rubuta waɗannan ba su ji tsoron ambaton mutanen nan ba. Sun kawo labarinsu, har da sunan wasu, ɗalibai na karantawa a zaure shekaru aru-aru. Da a ce ambaton abu daidai yake da yarda da shi, da ba mu san Fir'auna da Ƙaruna ba.

Akwai kuma abin da muka fi saurin mantawa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya ta, ta bayyana cewa wanda ya jefi namiji da luwaɗi ba tare da hujja ba, shi za a yi wa haddin ƙazafi, bulala tamanin. Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato, ta hana mu bin diddigin asirin juna. Samarin da suka kifar da tukwanen mutumin nan, a ma'aunin Risala su ne ke da bashin bulala a bayansu. Amma a garinmu yau, mai jifa da kalmar shi ake ɗauka mai kishin addini, wanda aka jefa kuwa ko bakin kare kansa ba shi da shi.

Kuma a kan wa dutsen yake faɗawa? Wanda ya san garin nan ya san cewa masu neman maza, waɗanda a tsakaninsu suke ce wa juna masu harka, ba duka ne ke rangwaɗa ba. Da yawa babbar riga suke sawa, da mota mai baƙin gilashi, da katangar da ba mai iya leƙawa. Su ba mai taɓa su, ni ma ban ce a taɓa su ba, asirin kowa yana tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ɗan daudun bakin tasha kuwa ba shi da katanga. Muryarsa ce ke tona shi ko bai yi komai ba. Shi ake gani, don haka shi ake duka, ko yana cikin harkar ko ba ya ciki. Talauci da bayyana su ne laifin da ake hukunta shi a kai tun kafin a tambaye shi wani abu.

Ka dubi abin da ya biyo bayan 2014. A watan da aka sa hannu a dokar, taron jama'a suka yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, alƙali bai ma gama sauraron shaidu ba. Wata guda bayan haka, a Gishiri da ke Abuja, aka bi mutane gida-gida cikin dare ana fito da su ana duka. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2016 da ya nuna yadda dokar ta zama hanyar tatsar kuɗi da cin zarafi a hannun ɓata-gari. A Disambar 2022 an kama mutum 19 a nan Kano bisa zargin bikin auren jinsi, a Oktoban 2023 kuma aka kama 76 a Gombe a wani taro. A irin waɗannan kame, kafin a je gaban alƙali hotuna sun riga sun zaga duniya. Ko da kotu ta sallami mutum daga baya, wa zai sallame shi a unguwarsu? Wa zai auri ƙanwarsa? A cikin wannan yanayi ne hukumarku ta ce a share ɗan daudu daga fim. Mutumin da ba a ganin fuskarsa, ba a jin muryarsa, ba a san yana da uwa ba, dukansa ba ya yi wa kowa nauyi a zuciya.

Kada ka ɗauka ina kare fina-finan da aka saba yi ne. Wallahi ni ma sun ishe ni. Tun daga Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, Allah ya jiƙansa, har zuwa rawar da Ado Gwanja ya riƙa takawa a farkon fitowarsa, ɗan daudun Kannywood abu ɗaya ne: fari da ido, ɗaurin ƙirji, shewa, guɗa, a kore shi da gudu, a yi dariya. Su 'yan wasan gwanaye ne, sun yi abin da kasuwa ta nema. Amma ba a taɓa nuna mana shi yana lissafin kuɗin makarantar 'yarsa ba, ko yana jinyar tsohuwarsa, ko yana tsaye shi kaɗai a sahun baya don na kusa da shi ya matsa. Iyayen da suka kawo muku kuka cewa yara na kwaikwayon karya murya, da gaskiyarsu. Abin da aka mayar wasa dole yaro ya ɗauke shi wasa. Sai dai maganin wannan a wurin marubuta yake. An yi shekara talatin ana yi wa mutum dariya, ranar da aka gaji kuma sai aka ce a rufe ƙofa kada a sake ganinsa. Ba a taɓa ba shi rana ɗaya da aka dube shi a matsayin ɗan'adam ba.

Fim ɗin da nake fata a bari a yi, ba ya bukatar ya halatta komai. Yaro ne ya taso da laushin murya a gidan da uba ke jin kunyarsa. Ana dukansa a gida don ya zama namiji, ana tsokanarsa a makarantar allo, ana jifansa a hanya. Yana shekara goma sha biyar ya gudu tasha, inda ya sami wanda ya fara ce masa zauna ka ci abinci. Nan ya koyi girki, nan ya koyi habaici don shi ne kaɗai makaminsa, nan kuma, wataƙila, wani mai babbar riga ya fara yi masa kyautar da ba ta Allah da Annabi ba. Uba nawa ne a Kano za su kalli wannan su kwana suna tunani? Wa ya kora yaron nan tasha? Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mun yanke da yawa mun yar, sannan muna mamakin inda aka tsince su. Idan tarbiyya ce damuwar hukumarku, ban ga fim ɗin da ya fi wannan amfani ga tarbiyya ba, kuma a ƙarƙashin sanarwarku ba zai wuce teburin tacewa ba.

Ta fuskar dabara ma, hanin ba ya kai wa inda ake so. A Kenya hukumar tace fina-finansu ta haramta fim ɗin Rafiki na Wanuri Kahiu a 2018. Da kotu ta ɗage hanin na kwana bakwai, gidajen sinima a Nairobi suka cika maƙil da mutanen da ba don hanin ba da ba su ma ji labarinsa ba. A nan Najeriya masu fim ɗin Ife, da suka ga hukumar tarayya ta ja musu kunne, sai suka sake shi a intanet a Disambar 2020. Waɗannan fina-finai ne na wata manufa dabam da wadda nake magana a kai, amma darasin ɗaya ne. Tafin hannu ba ya rufe rana. Yaron da kuke tsare wa ido yana da TikTok a aljihunsa, inda ba mai tace komai. Abin da hanin ya cim ma kawai shi ne ya cire maganar daga hannun marubucin Kano mai sanin ya kamata, wanda zai kawo muku labarinsa ku duba, ya bar ta a hannun wanda ba ya neman izinin kowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kai shaida ne a kan shekarun 2007 da 2008, lokacin da aka ɗaure Adam Zango da Ibro da Iyan-Tama, aka kuma ƙona littattafan marubuta. 'Yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna, fim bai mutu ba, Kano ce ta yi asarar kasuwa da kuma ikon sa baki.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, bai da yawa. A raba daudu da daba a takardunku, don ba abu ɗaya ba ne. A mayar da hanin ya koma kan abin da ya cancanci hani, wato batsa da tallata alfasha da mayar da mutum abin wasa, a bar ƙofa ga labarin da ya zo da gaskiya da mutunci. Ku zauna da marubuta da malaman da suka karanci fiƙihun mas'alar, ba masu ɗaga murya kaɗai ba. In da hali, ku saurari su waɗanda ake maganar a kansu, ko da a bayan labule ne. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Kuma tunda hukumarku na da bakin da ake ji, ku ƙarfafa wa 'yan fim su nuna wa jama'a cewa ɗaukar doka a hannu da jifan mutum da kalmar da ba a da shaida a kanta laifi ne a shari'ar da muke ikirarin bi.

'Yar autar mutumin da na ba ka labari tana aure a wata unguwa a cikin birni. Na haɗu da ita a wani suna bara, ta gane ni, muka gaisa. Ta ce yaranta na tambayarta wane irin mutum ne kakansu, ita kuma ba ta san abin da za ta ce musu ba, don duk abin da suka taɓa gani game da irinsa a talabijin abin dariya ne. Na ce ta gaya musu ya ciyar da almajiran tasha shekara ashirin. Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta taɓa jin wani daga waje ya faɗi alherinsa ba sai ranar.

Idan wata rana wani matashin marubuci ya ajiye labari irin nasa a teburinka, ina roƙonka don Allah ka karanta shi har ƙarshe kafin ka ɗauki jan biro.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Kano mai kallon fina-finanku tun zamanin kaset.